Gishirin Mai Ludayi

A layin nan da ƙarar zarto ba ta yankewa, in ka tambayi gidan Mai Ludayi ko ɗan yaye zai nuna maka. Saman shagon kafintoci ne, ɗaki biyu da wani ɗan kicin da ba ya ɗaukar mutum biyu sai ɗaya ya karkace. Kafintocin ne ma suka raɗa mata sunan. Tun tana amarya ƙamshin miyarta ke saukowa ta taga yana hana su aiki, har babbansu, wani dattijo da kowa ke kira Baba Kafinta, ya hau sama ya yi sallama ya ce, "'Yata, ko dai ki rufe tagar nan, ko ki riƙa dafawa da mu." Ta zaɓi na biyun. Daga ranar ita ke ciyar da shagon kullum da rana.

A hannun gwaggonta ta tashi, mai sayar da abinci a bakin tasha, mafaɗaciya ta gaske, wadda ba ta taɓa yarda da cokalin awo ba. A wurinta ta koyi ɗiga miya a tafin hannu, ta lasa, ta ɗan lumshe ido, shi ke nan ta san abin da ya rage. Karatu ba ta yi nisa ba, ɗinki ta gwada ya ƙi ta, amma a kan tukunya ba ta da na biyu, kuma ta sani. In za a faɗi gaskiya, akwai ta da ɗan ji da kai. Maƙwabciya ta zo tambayar yawan abin da ake zubawa, sai ta ce, "Ai harshe ne ke faɗa, ba ni ba."

Mijinta mai gyaran famfo ne, ya fita da sassafe ya dawo da yamma liƙis, mutumin da sai ka yi da gaske kafin ka ciro magana daga bakinsa. Babbar 'yarsu ana ce mata Tsinke, 'yar shekara biyar, siririya mai bakin tsiya. Ƙaninta kuwa Dunƙule, wanda bai san komai a duniya ba sai ci. Da la'asar, in an gama wanke tukwane, Tsinke takan sauka da kwando ta kwaso guntayen katako a shago. Su shimfiɗa tabarma a bakin ƙofa, a dama fulawa da ruwa ta zama gam, a yi motoci masu tayoyin marfin kwalba da 'yan tsana masu idon maɓalli. Mai Ludayi ke yankawa, Tsinke ke liƙawa, Dunƙule ke ɓatawa. Uwa da 'ya su yi ta gardama a kan launin rigar 'yar tsana har rana ta faɗi.

Sai ga haihuwa ta uku, namiji. Kwana kaɗan bayan nan zazzaɓi mai zafi ya kwantar da ita, har sai da aka mayar da ita asibiti. Zazzaɓin ya tafi, amma bai tafi hannu rabbana ba. Ranar da ta koma kicin ta watsa albasa cikin mai, ta ji ƙara, ta ga hayaƙi, hancinta shiru. Ta lashi gishiri, ta ji kamar yashi. Ta ruga ɗaki ta ɗauki jinjirin, ta cusa hanci a wuyansa, ta koma tsakar kansa, ta shaƙa har ƙirjinta ya yi zafi. Babu komai. Nan ta zauna a bakin gado ta yi kukan da ba ta yi ba ko a ɗakin haihuwa.

Ma'aikaciyar asibiti ta ce yakan faru, wani ya dawo da wuri, wani ya daɗe, ta yi haƙuri. Haƙuri! Sai ka ce da shi ake gyara miya.

Ban da ma'aikaciyar, ba ta gaya wa kowa ba, har mijin. To me za ta ce? A ji a layi cewa Mai Ludayi ba ta bambance gishiri da gari? Tsoronta ɗaya ne: kafintoci su koma cin na wata, ita kuma ta zama matar mai famfo kawai da ke saman shago. Sai dabara ta faɗo mata. Ta kira Tsinke kicin, ta ɗora ta kan 'yar kujera, ta rage murya ta ce, "Zo mu yi wani wasa, ni da ke kaɗai. Ke ce za ki riƙa ɗanɗana mini. Kada ki gaya wa Babanku."

Yarinya ta gado harshen uwa, Allah Ya sani. Ta lasa, ta lumshe ido irin na uwarta, ta ce, "Saura kaɗan, Umma." A ƙara, ta sake lasa, ta ce, "Ya yi." Kuloli suka ci gaba da dawowa daga shago a suɗe. Mai Ludayi ta sauke ajiyar zuciya, ta ɗauka ta tsallake.

Shi kuwa jinjirin, tubarkalla, mai kuka ne na bugawa a jarida. A ajiye shi ya tsanyare, a ɗauke shi ya yi luf. Rannan uwar ta tarar da Dunƙule yana ƙoƙarin ciyar da shi maɓalli, wai shi ma ya ci. Nan take ta tattara katakai da ƙyallaye da marafen kwalba duka cikin kwali, ta tura shi can saman kabad. Tabarmar la'asar ta mutu daga ranar. Abin da Tsinke ke ji daga safe zuwa yamma bai wuce "matsa", "jira", "kada ki tashe shi", "ke ba babba ba ce?" ba. Ita uwar ba ta ma san tana faɗa ba, bacci ne fal idonta.

A hankali wasan kicin ya fara tsawo. Da can sau ɗaya ake ƙarawa, yanzu sai a yi ta yi, "saura kaɗan" bayan "saura kaɗan", jinjiri na can yana tsala ihu, ita tana tsaye da ludayi kamar ta yi tsuntsuwa. Maigida ya fara cin loma ɗaya yana kora ta da kofin ruwa, a zatonsa gajiyar goyo ce ta ɓata mata hannu. Dunƙule, Dunƙule fa, ya fara ture kwano. Kuloli suka riƙa dawowa da nauyinsu. Ta ga duk wannan, amma ta ƙi yarda, ta ce zafi ne ya hana mutane ci.

Ran nan da la'asar sai ga Baba Kafinta da kansa, yana hawa matakala yana riƙe gwiwa, kula a hannu. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya tambayi mai jiki, ya yi wa jinjiri addu'a, ya yi ta kewaye-kewaye kafin ya zo kan magana.

"'Yata, ba ƙorafi ya kawo ni ba. Amma mutanena kwanan nan sun fi zarya wurin randa a kan wurin aiki. Gishirin ya yi mana yawa, har ba ya ciyuwa. In hidimar yaron ce ta yi nauyi, ki huta abinki, mu nemi wani wurin kafin ki warware."

Ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Abin da take gudu ke nan, ga shi ya hawo har ƙofarta da ladabinsa. Ta durƙusa ta ce, "Baba, a yi mini afuwa. A ba ni gobe kawai."

Ya dube ta, ya ce, "Allah Ya kai mu."

Da farko tsoro ta ji, ko ita ma yarinyar ciwon ya taɓa mata harshe. Amma ta tuna da safen nan Tsinke ta ture shayi wai sukari bai ji ba. Ashe harshenta ƙalau yake, sai zargi ya ɗarsu a ran uwar.

Washegari ta haɗa miyar da ido da ƙiyasi, ta kwantar da jinjiri, ta kira Tsinke. Yarinya ta zo da gudu ta haye kujera, fuska a washe. Ta lasa daga tukunya, ta lumshe ido.

"Saura kaɗan, Umma."

Mai Ludayi ta juya mata baya. Ba ta taɓa tukunyar ba. Ta ɗebi miya a ƙaramin kwano, ta dumbuza gishiri cike da hannu ta zuba, ta juya har ya yi kauri, ta ciko cokali ta miƙa mata. Wannan karon ba ta kalli ƙofar ɗaki ba, fuskar 'yarta ta kalla. Ta ga kafaɗunta sun ɗage. Ta ga idanunta sun kawo ruwa, ɗan maƙogwaron ya yi sama ya yi ƙasa, ya ƙi, ya sake gwadawa, har ya haɗiye. Sai a lokacin ta lura leɓen yarinyar duk ya tsattsage.

"Saura kaɗan, Umma," in ji Tsinke, murya a shaƙe.

Kai! Ran Mai Ludayi ya yi mummunan ɓaci. Ta buga cokalin da ƙasa, ta cafki hannun yarinyar ta jijjiga ta. "Ni za ki tozarta? Ni za ki mayar abin dariya a layi? Me na yi miki, 'yar nan? Me na yi miki!" Dunƙule ya ɓare baki a bakin ƙofa. Can ɗaki jinjiri ya farka ya ɗauka. Ta ɗaga hannu, saura ƙiris ya sauka.

Tsinke ba ta kare fuska ba. Hawaye na bin kumatunta ta ce, "In na ce ya yi, sai ki koma wurinsa."

Hannun ya tsaya a sama, sannan ya sauko a hankali. Mai Ludayi ta tsaya tana neman ranar da ta dubi fuskar yarinyar nan ba tare da ludayi a tsakaninsu ba, ta rasa. Kunya ta kama ta, irin wadda ta fi ta jiya ciwo. Ta zame ta zauna a ƙasan kicin, ta jawo Tsinke kan cinyarta, ta ɗebo ruwa ta kafa mata a baki. Yarinya ta shanye tas, ta nemi ƙari. Da ta rungume ta sai ta ji ƙasusuwan bayanta, ba ta ma san ta ƙara ramewa haka ba.

Kukan jinjiri ya ƙara sama. Tsinke ta saurara, ta share hanci da bayan hannu, ta ce, "Umma, na tukunyar ya yi tun farko. Kada ki ƙara komai."

Tana faɗa ta sauka daga cinyar, ta raɓe jikin bango, ta janye ƙafafunta don uwarta ta samu hanyar wucewa.

Mai Ludayi ta dubi hanyar da aka buɗe mata. Gaban rigarta ya riga ya jiƙe da nono, ƙirjinta na zugi, miya na tafasa, a ƙasa an kashe zarto alamar an tashi cin abinci. Ta miƙa hannu ta kamo 'yarta, ta mayar da ita inda ta tashi.

"Zauna," ta ce. "Ya ɗan jira shi ma."