Totur Ya Ƙi Jin Maganar Tsohon Hannu

Tsohon Hannu ake ce masa, kuma ba wanda ya raɗa masa sunan nan sai shi da kansa. Direban gidan burodi ne. Ya haura shekara talatin yana rarraba burodi a kantuna da sassafe, kuma a duk tsawon shekarun nan, in dai ta bakinsa za a ji, bai taɓa yin kuskure a kan titi ba. Motocin da ya goga su ne suka matso kusa da shi. Katangar gidan burodin da ya taɓa ɓantare wa kusurwa kuwa, maginin ne ya fito da ita waje da yawa. Matarsa ta daɗe da daina musu da shi. In ya fara, sai ta ce haka ne, ta ci gaba da ninke kayan wankinta.

Amma kada a ci haƙƙinsa, mutumin ya iya tuƙi. Tsohuwar motar da ya yi rayuwarsa a cikinta farar bas ce mai giyar hannu, ƙofar bayanta da waya ake ɗaure ta, kujerarta ta lotsa daidai zamansa. Ya san inda kulocinta yake kamawa fiye da yadda ya san shekarun 'ya'yansa. Yakan hau gadar sama da kwandunan burodi har rufi, ya canja giya ba tare da ko guda ya motsa ba. Abin da ya fi rainawa a duniya shi ne direban mota otomatik. Cewa yake wannan ba tuƙi ba ne, zama ne kawai a kujera mai tafiya, ko kakarsa da tana raye za ta iya.

Sai ga shi wata rana uwar ɗakinsa, Hajiya mai gidan burodin, ta gaji da turin mota kowace safiya, ta sayar da tsohuwar bas ɗin ga mai gwangwan, ta kawo sabuwa dal. Otomatik ce. Tsohon Hannu ya zagaya ta, ya leƙa ƙarƙashin sitiyari, ya ga abin takawa biyu kacal, totur da wani faffaɗan birki. Ya taɓe baki ya ce to, Allah ya sa a dace. Ransa ya ɓaci ƙwarai a ranar, don ba a ko tambaye shi ba kafin a ja tsohuwar a fita da ita.

Ba a yi mako ba motar ta fara nuna hali. Tana tafiya lafiya lau a miƙaƙƙen titi, amma da an zo gindin gadar sama, sai ya taka totur ta yi kunnen uwar shegu da shi. Injin na aiki, fitilu lafiya, amma ja babu. Ya ƙara takawa har ƙasa, ta dinga rarrafe. Na baya su cika shi da ham, masu babur su wuce suna yi masa nasiha da hannu. Can sai ta farka kamar ba ita ba, ta zabura. Haka take yi a babban shataletale, haka take yi a kwanar asibiti. Burodi ya fara isa kantuna bayan masu sayen na karin kumallo sun watse, har wani babban kanti ya koma karɓa daga wani gidan.

Hajiya ta mayar da motar wurin dillalin da ya sayar mata. Suka riƙe ta wuni guda, suka zagaya gari da ita, suka ce lafiyarta ƙalau. Tsohon Hannu ya yi dariya har da buga cinya. Ya ce yaran nan masu fararen riguna da ba su taɓa shan baƙin mai a fuska ba, me suka sani? Washegari motar ta sake tsaya masa a gindin gada.

Ranar Hajiya ta kira shi ofishinta, ɗan ɗakin da ke bayan tanda, inda zafi ke sa kowa ya taƙaita magana. Ɗan yayanta na tsaye a bakin ƙofa, wani dogo da ya samu lasin bai daɗe ba, yana kaɗa makullin babur a yatsa.

"Baba," in ji ta, "ni ban san mota ba, burodi na sani. Kowa ya tuƙa ta sai ta tafi, kai kaɗai take yi wa gardama. Ka kai ta duk inda ka yarda da shi. Amma in burodina ya sake makara ranar Litinin, makullin zai koma hannun wannan."

"Hajiya, ni ne fa. Tun zamanin mahaifinki nake jan motar gidan nan."

"Shi ya sa na ce Litinin, ban ce yau ba."

Ya fita yana jin tsoro, irin wanda bai taɓa ji a kan titi ba. Ba shi da wata sana'a. Bai san yadda mutum yake yi da safiya ba in babu motar da zai tayar.

Dole ta sa ya nufi garejin ƙanin matarsa, mai gyaran wayoyin mota. Auta ake kiransa har yau, ko da yake furfura ta fara fito masa a gemu. Tsakaninsu akwai tsohuwar tsokana, kuma Tsohon Hannu ya sha faɗa a bainar jama'a cewa bakaniken da ke tambayar kwamfuta ciwon mota ba bakanike ba ne, mai duba ne.

"Yaya, yau kai ne wurin mai duba?" in ji Auta, yana goge hannu da tsumma.

"Ka bar surutu. Wayar totur ce ta saki, ka ɗaure ta in tafi."

"Ai ba ta da waya, Yaya. Ka taka, saƙo ne yake tafiya ga kwamfutar motar, ita ce take ba injin mai."

"Wato sai na nemi izini kafin in tafi."

"Kusan haka."

Auta ya fara da abu mai sauƙi. Ya ɗaga shimfiɗar ƙasa ya ga ko ta naɗe ta tokare totur, bai samu komai ba sai ɓawon gyaɗa da tsohon tsinken sakace. Ya kwanta rigingine da tocila a baki, ya zare soket ɗin da ke jikin totur, ya hura, ya fesa masa maganin tsatsa, ya mayar. Ya buɗe bonet ya ciro matatar iska, fes take. Ya kwance bakin da iska ke shiga injin, ya wanke shi ko da yake ba wani datti. Ya duba fis ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya jona na'urarsa ta binciken ciwon mota, ya jira ta faɗi laifin motar, ta ce ba ta ga komai ba. Tsohon Hannu, wanda ke zaune kan tsohuwar taya yana ba da umarnin da ba wanda ya nema, ya ce dama ya sani, kwamfuta ba za ta tona asirin 'yar'uwarta ba.

Auta ya ɗauki motar ya fita gwaji shi kaɗai. Ya hau gadar, ya zagaya shataletalen, ya dawo ya ce ta tafi kamar ruwa. Don dai a zauna lafiya ya cire totur ɗin gaba ɗaya ya sa wani da ya aro daga maƙwabcinsa. Tsohon Hannu ya karɓa ya fita da murna. Jim kaɗan ya dawo fuska a murtuke, ya ce ta sake yi, a wuri ɗaya kuma.

"A wuri ɗaya?" in ji Auta. "Kullum?"

"Gada, shataletale, kwanar asibiti. Ta haddace su."

Auta ya sosa gemu. Ya ce mota ba ta san unguwa ba, amma bari su je tare. Ya zauna a kujerar gefe da na'urar a cinya, ya bar ta a kunne tana nuna duk abin da motar ke ji.

Suka miƙa titi lafiya, Tsohon Hannu yana bayanin yadda aka lalata sana'ar tuƙi. Da suka doshi gindin gada sai ya gyara zama, hannunsa na dama ya sauka yana lalube a iska inda sandar giya take a da. Ya taka totur. Motar ta ƙi ja, ta koma rarrafe. Auta ya dubi na'ura, ya ga ta nuna an taka totur, ta kuma nuna an taka birki. Ya sunkuya ya leƙa ƙasa. Ga ƙafar hagun Tsohon Hannu nan ta baro wurinta, ta ɗora yatsu a gefen faffaɗan birkin, a shirye tsaf, tana jiran a ce ta taka kulocin da ke can wurin mai gwangwan.

"Yaya, ɗage ƙafarka ta hagu."

"Ƙafata tana ƙasa."

"Duba dai."

Ya duba. Ya janye ta da sauri kamar ya taka garwashi, motar ta zabura ta haye gadar.

Suka tsaya a gefen titi. Auta ya yi masa bayani a hankali, ba tare da dariya ba, wanda hakan ya fi dariyar ciwo. Ya ce an ƙera motocin nan ne yadda in suka ji birki da totur lokaci guda, birkin suke saurara, su yanke mai. Ko taɓawa kaɗan ya isa. Wuraren nan uku kuwa su ne inda ya saba rage giya tun Auta yana makarantar firamare.

Tsohon Hannu ya daɗe yana kallon ƙafar. Kunya ta rufe shi, sai kuma wani baƙin ciki ya biyo baya, don wannan ƙafar ce abin alfaharinsa, ita ce ta ciyar da gidansa.

"To me za a canja?" ya tambaya da ƙaramar murya.

"Ba abin canjawa. Ka naɗe ta baya, ka manta da ita. In kana so, in ce wa Hajiya soket ne ya yi datti."

"Ka ce mata soket ne. Yayarka ma soket za ka ce mata."

Sai dai manta ƙafa ba abu ne mai sauƙi ba. Ranar Lahadi ya fita gwaji shi kaɗai, ya naɗe ta baya, ya yi mata kashedi. Da ya hango gada ta lallaɓo ta koma wurinta. Ya cire takalmin ko za ta ji sanyin ƙarfe ta farga, ba ta farga ba. Ya koma gida ya wuce matarsa ba magana, ya kwance igiyar shanya, ya yanki kamu biyu. Ta bi shi da kallo ta ce haka ne, ko da yake bai ce komai ba.

Ranar Litinin ya yi lodi da wuri, ya shiga ya rufe ƙofa, ya ɗaure idon sawunsa na hagu a ƙarfen kujera, ƙulli biyu. A gindin gada ya ji ƙafar ta fizga, igiya ta riƙe ta, motar ta haye kamar ba ta taɓa saɓa masa ba. A kowane kanti ta taga yake miƙa takarda, masu kantin su sauke kayansu da kansu, yana ce musu bayansa ne ke ciwo. Ya gama zagayen farko ya dawo gidan burodi tun kafin a fitar da gashi na biyu daga tanda.

Hajiya na tsaye a bakin ƙofa da ɗan yayanta da ma'aikatan tanda. Daɗi ya kwashe Tsohon Hannu. Ya buɗe ƙofa da ƙarfi, ya yunƙuro zai diro irin na wanda ya ci nasara, igiya ta tuna masa. Ya kifo waje, tafin hannuwa a ƙasa, hula can gefe, ƙafa ɗaya a cikin mota.

Ba wanda ya yi dariya, sun ma kasa. Hajiya ta matso ta leƙa, ta ga igiyar shanya da ƙulli biyu, ta dube shi.

"Auta ya ce mini soket ne," in ji ta.

Ya ja jiki ya koma kan kujera, ya kakkaɓe hannuwa. Ya nemi wanda zai ɗora wa laifi, maƙerin motar ko maginin gadar, ya rasa.

"Motar lafiyarta ƙalau, Hajiya," ya ce. "Ni ne. Ƙafata ce take neman tsohuwar."

Hajiya ta dubi makullin da ke jikin motar, ta dubi agogonta, ta juya ga ma'aikatan ta ce me suke kallo, a fito da kwanduna. Sannan ta ce wa ɗan yayanta ya taimaka wa Baba ya kwance ƙafarsa. Dogon ya durƙusa ya kama ƙullin.

"Kar ka kwance," in ji Tsohon Hannu. "Ƙara matse shi, da sauran zagaye na biyu."