Reshen da Iya Ta Hana a Sare

Abin da ya fara jan idona shi ne Umma ta daina ba Sadiya nonon hagu. Duk sa'ad da yarinyar ta lalubo can, sai Umma ta cije leɓe, ta juyar da ita dama, ta ce, "Ke dai kin cika kwaɗayi." Shekarata goma sha biyu a lokacin, ƙanena Nasiru yana da shida, Sadiya kuwa ko rarrafe ba ta gama iyawa ba. Shekarar da soja suka miƙa wa farar hula mulki ce. Bangon lungunmu na Mandawari duk fastar 'yan siyasa, rediyon Baba kullum cewa take yanzu kowa zai faɗi abin da ke ransa. A gidanmu dai ban ga alama ba.

Ba a jima ba Umma ta daina goyo. Wata safiya ta ɗora Sadiya a baya, ta jawo zane za ta ɗaure a ƙirji, sai ta tsaya cak, gumi ya keto mata. Ta sauke yarinyar a hankali, ta ce min, "Juyo nan, ai kin girma." Daga ranar bayana ya zama na Sadiya.

Baba ya kai ta asibiti sau ɗaya. Sai daga baya na san abin da likita ya ce: sankarar mama ce, wato ciwon daji, a cire nonon, kuma kada a ɓata lokaci. Kwana biyu da zuwansu Iya, mahaifiyar Umma, ta iso daga Jakara da ƙullin kayanta da wata baƙar tukunyar ƙasa. Baba ya tube takalmi ya tsuguna daga nesa yana gaishe ta. Ba ta dube shi ba. Tukunyarta take gogewa, ta ce, "Daji ba ya son ƙarfe. Ko allura ya ji, sai ya fusata ya bazu a jiki." Baba ya ce, "To, Iya." Iyakar abin da ya iya cewa ke nan, don ba a musu da suruka. Umma kuwa ta ce ba za ta kwanta a yanka ta ba sai da albarkar uwarta.

Matsalar ita ce Umma 'yar fari ce a wurin Iya, Iya kuma irin mutanen da ce, masu kunyar ɗan fari har ƙarshen rai. Ba ta taɓa kiran sunan Umma ba. Ba ta zama su haɗa ido, ba ta yi mata doguwar magana. In dole ta ambace ta, sai ta ce "waccan". Za ta wanke mata zane, ta dafa mata saiwa, ta yi ta kai-kawo a ƙofar ɗakinta, amma ta shiga ta zauna ta ce "'yata, me kike so a yi?", wannan ba ya cikin abin da aka koya mata.

Kullum bayan sallar magariba, in an sauke tuwo, Iya takan ɗora tukunyarta a kan sauran garwashi, ta shimfiɗa tabarma kusa da murhu, ta kira mu. Har yau in na ji warin sassaƙe yana tafasa, tsakar gidan nan nake gani: hayaƙi yana bin bango, Sadiya tana barci a cinyata, inuwar Iya ta yi tsawo har kan asabarin ɗakin Umma. Tana da nata salon buɗe tatsuniya.

"Ga ta nan, ta biyo lungu," in ji ta.

Mu ce, "Ta shigo mu ji ta!"

Tatsuniyar wata baiwar Allah ce mai itacen ɓaure a tsakar gidanta, mai reshe biyu. Da shi take ciyar da 'ya'yanta, a inuwarsa suke wasa. Sai gara ta shiga reshe ɗaya. Wani masassaƙi ya zo wucewa da gatari a kafaɗa, ya ce, "Baiwar Allah, bari in sare miki reshen nan kafin ya ci ɗayan." Matar ta kusa yarda. Da ta je rijiya sai ta tarar da wata tsohuwa, tsohuwar ta ce, "Kul! Irin wannan garar in ta ji ƙarar ƙarfe watsewa take, ta shiga saiwa, ta shiga azara, ta cinye gida." Matar ta sallami masassaƙi, ta ci gaba da zuba wa itacenta jiƙo tana jiran Allah.

A nan Iya take tsayawa, ta ce an kira isha'i. Washegari sai wani masassaƙin ya zo. Wani daga gabas, wani daga kudu, wani har da tabarau.

Nasiru ya kwashe da dariya. "Iya, masassaƙi da tabarau?"

"Har da farar riga, maigidana. Ci gyaɗarka ka bar ni."

Ni kuwa a lokacin kaina cike yake da littattafan soyayya da nake ara wajen wata ƙawata, in ɓoye a jakar Islamiyya. Na riga na yanke cewa masassaƙin nan mutum ɗaya ne yake sauya kama, kuma son matar yake. Na ba shi dogon hanci da saje. Na ce, "Iya, kyakkyawa ne? A ƙarshe zai aure ta?"

"Ke tafi can, Abu mai littafi. Takardun banza sun jiƙa miki kai. Mace da mijinta?"

"To ina mijin? Me ya ce?"

Iya ta tura itace cikin murhu. "Mijin mai ladabi ne. Bai ce komai ba."

Wannan ya ba ni haushi ƙwarai. A littattafaina in mace ta kwanta ciwo, mijin durƙusawa yake a gaban gado, ya riƙe hannunta yana hawaye, ya rantse zai kai ta ƙarshen duniya. Na yi ta jiran in ga Baba ya yi haka. Shi kuwa in ya dawo daga rumfarsa a kasuwar Kurmi, sai ya yi gyaran murya a soro, ya miƙo ledar lemo, ya ce, "Yaya mai jiki?" ya koma ya zauna da rediyonsa.

Abin da ban lura da shi ba da fari shi ne ƙarfin muryar Iya. Mu uku ne a gabanta, har gwiwarmu tana taɓa tata, amma tana magana kamar mai kiran wani a bayan katanga. Wata rana tana cikin ba da labarin masassaƙi na ban-san-nawa-ba, sai muryar Umma ta fito daga bayan asabari.

"Ke, tambayi Iya. In reshen ya ruɓe ya faɗo wa yaran a ka fa?"

Taku goma ne tsakanin murhu da ɗakin. Iya ta ji sarai. Amma sai ta zuba min ido tana jira, dole na maimaita.

Ta ce, "Ki gaya wa mai tambaya, wanda ya tsirar da itace shi ke tsaronsa."

Na juya na faɗa wa asabari. Can Umma ta ce, "Ki ce mata shi ne kuma ya halicci gatari."

"Ki ce mata tatsuniyar ba tata ba ce."

Haka muka yi wata bakwai. Damina ta zo, muka koma ƙarƙashin rumfa da murhun gawayi, ta wuce, muka dawo. Ni ina tsakiya ina kai saƙo ina kawowa, ina jin daɗi wai manya sun shiga tatsuniyarmu. Ban san ran uwata ake ja a bakina ba.

A cikin watannin nan aka yaye Sadiya ba shiri. Takan rarrafa ta kama dokin ƙofar Umma ta miƙe tana kuka, Umma tana ciki ta juya fuska bango, don in ta ɗauke ta ƙirjin za ta nufa. Wurin ya fashe ya zama gyambo. Turaren wuta ba ya yankewa a ɗakin, duk da haka Nasiru ya taɓa cewa a gaban baƙi ɗakin Umma yana wari. Duk da ciwon, in ta sami sauƙi da hantsi takan fito ta zauna a kan turmi ta sa ni tuƙin tuwo, tana faɗa. "Ba haka ba! Riƙe muciyar da kyau. Sau nawa zan nuna miki?" Na ɗauka tsana ta take. Gaggawa take yi, ni ban sani ba.

Ranar da abin ya ƙare, Nasiru ne ya dawo daga makaranta da gudu, an ba shi na ɗaya a haddar aji. Umma tana tsaye a bakin ƙofa. Ya faɗa jikinta ya rungume ta da ƙarfinsa duka. Ƙarar da ta yi sai da maƙwabta suka leƙo ta katanga. Kafin ta san abin da take yi ta wanke shi da mari. Ya tsaya riƙe da kunci da takardarsa a hannu, bai ma yi kuka ba. Ita ce ta sulale ƙasa tana kuka, tana miƙa masa hannun dama, shi kuma yana ja da baya.

Da magariba Iya ta ɗora tukunya kamar kullum. "Ga ta nan, ta biyo lungu."

Ba wanda ya amsa. Nasiru ya cusa kai a gwiwa. Ni kuwa na ce, "Iya, don Allah ki ƙarasa ta mana! Kullum masassaƙi, kullum jiƙo. Na gaji!"

Sai muka ji motsin asabari. Umma ta fito, hannunta na hagu a tallafe, ta tako taku goman nan, ta zauna a kan tabarmar, daf da Iya. Ban taɓa ganinsu kusa haka ba. Iya ta kau da kai ta dubi wuta.

Umma ta ce, "Ni zan ƙarasa muku. Matar nan wata rana ɗanta ya zo zai hau itacen, don murna, sai ta doke shi. Da ta ga haka, ta ce itacen da yaro ba zai iya raɓa ba, me ya rage masa? Ta aika a kira masassaƙi. Ya sare reshen. Farin ruwa ya zuba, ta yi kuka, ta share hawayenta. Reshe ɗaya ya rage, yaran suka zauna a inuwarsa."

Iya ta ce wa wutar, "Ba haka ake yin ta ba."

"Haka zan yi ta, Iya."

"Garar fa?"

"Ban sani ba. Amma yanzu ma ci take."

Tukunyar tana ta ɓararraka, ba wanda ya sauke ta har ruwan ya ƙone. Iya ta tashi ta ɗauki buta.

Da safe muka tarar da ƙulli a bakin ƙofar Umma: zannuwa biyu wankakku, kwano, carbi. Baba ya samo tasi ta tsaya a bakin titi, don mota ba ta shiga lungunmu. Umma ta fito ta tsuguna a bayan Iya, wadda ke tsintar shinkafa. Iya ba ta ɗago ba. Ta ce, "Abu, ki ce wa waccan Allah ya kai lafiya, ya dawo da ita kan 'ya'yanta." Na buɗe baki zan maimaita, Umma ta ce, "Bari, na ji." A soro na ga Baba ya karɓi ƙullin daga hannunta, ya riƙe mata gefen mayafi da ya zame. Iyakar soyayyar da na gani ke nan, kuma ta fi ta littattafaina zama a raina.

An yi aikin. An yi ta ƙarin ruwan magani har gashinta ya zube. Ta warke ta tashi, tana ninke tsumma ta cusa a rigar mama, tana cewa an rage mata kaya. Ta koma ɗaukar Sadiya a kafaɗar dama. Nasiru ya daɗe kafin ya sake rungumarta, kuma sai ya tambaya tukuna, "Umma, ta wane gefe?" Shekara huɗu muka samu. Da ƙafarta ta kai Sadiya makaranta ranar farko. Daga nan ciwon ya dawo ta ƙashin baya, ta rasu cikin damina. Baba ya gaya min bayan na yi aure cewa tun ranar aikin likita ya ce masa sun zo a makare.

Na daɗe ina juya tatsuniyar nan a raina. Da ina yarinya na ɗauka darasinta haƙuri ne. Yanzu da nake da nawa 'ya'yan, abin da nake gani shi ne mata biyu da ke son juna kamar rai, taku goma a tsakaninsu, suka ɓatar da wata bakwai suna aika yarinya. Ban ce Iya muguwa ba ce. Tsoro ne ya cika ta, ba ta kuma da hanyar faɗinsa sai ta bakin wata tsohuwa a bakin rijiya. Amma haushin bai bar ni ba, kuma ban san wanda zan ɗora wa ba.

Iya ta yi shekara goma sha ɗaya bayan Umma. Ita ta ƙarasa rainon Sadiya, ba ta kuma sake yi wa kowa tatsuniya ba. A ciwonta na ƙarshe na kawo mata ma'aikaciyar jinya har gida za a yi mata allurar zazzaɓi. Ta janye hannunta ta cusa a ƙarƙashin zane.

Na ce, "Iya, allura ce kawai."

Ta ce, "Na ga abin da ƙarfe ya yi wa waccan. Da an bar min ita da jiƙona, da tana nan."

Na buɗe baki. Wata bakwai ɗin nan suna kan harshena, na haddace su kamar karatu. Sai na ga ta ƙara cusa hannun a ƙarƙashin zanen. Na sallami ma'aikaciyar, na gyara mata matashi. Bayan kwana tara ta rasu a kan maganarta, ni kuma ina nan a kan tawa.