Idon Fara Biyar

Ina aji uku Baba ya sa aka yi mini tabarau. A Unguwar Shanu muke, ana saura 'yan shekaru a ba da mulkin kai, shi kuwa akawu ne a ofishin gwamnati. Malamarmu ce ta gaya masa ba daƙiƙanci ke damuna ba, allo ne ba na gani. A lokacin ba a san yarinya da tabarau ba, sai alƙalai da tsofaffin malamai. Ranar da na fara sa shi, tun daga bakin famfo yara suka bi ni da tafi: "Talatu mai ido huɗu!" Har wata mai tallar ƙosai ta ce kar in kalli farantinta, sai na cinye da ido. Na koma gida na cusa shi ƙarƙashin katifa, na ƙi fita ko zaure.

Bayan sallar isha Iya, mahaifiyar Baba, takan zauna gaban murhu mu kewaye ta. Ran nan tana da ƙwarya cike da fara da za a soya. Na raɓe can bayan turmi.

"Talatu, ɗauko idon naki ki zo."

Ƙannena suka ƙyalƙyale. Na ɗauko. Ta miƙo mini wata ƙatuwar fara mai rai.

"Idonta nawa?"

"Biyu."

"Sa abin naki, ki matsa kusa da wuta."

Na sa. Sai ga wasu ɗigo uku masu ƙyalli kamar kan allura, ɗaya a tsakiyar goshi, biyu a gindin ƙahonninta.

"Biyar ne, Iya!"

"To ga ta nan tafe da ƙafarta."

Muka ce, "Ta shigo, ga tabarma."

Wai ranar rabon ido Fara ta makara. Ta tarar ba sauran komai sai ɓarɓashi. Aka tattara ɓarɓashin aka manna mata a gefen kai, dama da hagu, kowane ɗan ƙwaya na kallon nasa wajen. Aka yi mata gyara da 'yan mitsi-mitsi uku waɗanda ba su san komai ba sai haske da duhu. Kwaɗo mai ido biyu tulu-tulu ya yi ta mata dariya, har kunya ta sa ta koma zama cikin ciyawa. Wata rana Zalɓe ya sauko fadama. Ƙananan idanun suka ga haske ya dushe, manyan suka hango motsi ta baya, Fara ta yi tsalle. Kwaɗo bai gama dariyarsa ba.

"Ƙurunƙus kan kwaɗo."

Ƙanena ya ce, "To yaya aka kama wannan?"

"Da sanyin asuba. Ido biyar ba ya maganin sanyin gwiwa."

Da dariya ta lafa sai Iya ta ce, "Ara mini in gani." Ta ɗora tabarau a hanci, ta kai farar dab da fuskarta, ta daɗe. Sannan ta cire.

"Ni dai hayaƙi nake gani. Karɓi kayanki."

Muka sake shewa, har da ni.

Ba zan ce tatsuniyar ta warkar da ni ba. Na yi shekaru ina cire tabarau a ƙofar gida, sai na zauna a aji in mayar. A kwalejin horon malamai na ga idon fara ta madubin da ke ƙara girma, ɗaki-ɗaki kamar saƙar zuma, na gane ɓarɓashin Iya ba ƙarya ba ne. Amma kafin nan yanar ido ta rufe mata gani ruf, ni ke riƙe mata sanda zuwa bayan gida.

Sai da na girma na fahimci ba wasa take ba a daren nan. Gwadawa ta yi, ko Allah zai sa. Abin da nake ɓoyewa ƙarƙashin katifa don kunya, shi ta ara na ɗan lokaci da fatan ta sake ganin fuskokinmu, mu kuwa muna dariya.