Tsarabar da ta makara

Ni na riƙe rabon gero a waccan tafiya, saboda haka laifin ba na kowa ba ne, nawa ne.

Mu takwas muka tashi daga majami'armu a Gusau, har da fasto da direba. Ni ma'aikaciyar jinya ce. Muka ƙetara iyaka a Ƙonni, jandarma suka duba takardunmu, muka wuce Malbaza, muka sauka a wani ƙauye kusa da Tajaye. Tsakiyar damina ce, gero ya yi kai amma bai nuna ba. Mun je da magani, da buhunan gero, da niyyar yin wa'azi ga duk wanda ya so ji.

Wani dattijo Musulmi ne ya sauke mu. Ya san ko mu su wane ne, bai damu ba. Ya ba mu mata ɗakin ɗansa da ya tafi ci-rani, maza suka zauna a zaure tare da buhunan. Baba muke ce masa. Da safe fura, da rana tuwo, ranar farko har da zabo. Muka yi ta ci, muna cewa lallai wannan gida akwai rufin asiri.

Tsarin rabon ni na yi shi, kuma har da ɗan alfahari. Kowane magidanci ya zo da kansa, ya shiga layi, a auna masa, a ɗauki hotonsa don mu nuna wa waɗanda suka ba da gudummawa a gida. Ba aike, ba wakili. Na sha ganin cuwa-cuwa a wajen rabo, na ce ba dai a gabana ba.

Tsofaffin mata suka zo, da zawarawa. Maza 'yan kaɗan, su ma kai a sunkuye. Rana ta uku raina ya ɓaci, na ce wa fasto, "Kai, ka ga girman kai! Mun sha hanya mun kawo musu abinci, su kuma suna ja mana aji."

Kashegari da hantsi na shiga cikin gida neman ruwan zafi. Na tarar da Inna, matar Baba, tana kwaɗa wa jikokinta ganyen tafasa da dusa. Da ta gan ni ta yi maza ta rufe kwanon da faifai.

Na ce, "Inna, mene ne wannan?"

Ta ce, "Na yara na."

"Tuwon da muke ci fa?"

"Wancan na baƙi na. Akuya munka kai kasuwa Badagishiri."

Wayyo ni! Wata irin kunya ta kama ni, har na rasa inda zan sa idona. Na ce to me ya hana Baba zuwa karɓar gero, ga shi jibge a zaurensa?

Ta yi 'yar dariya. "Ɗiyata, mai gida da baƙi cikin gidanai ya tsaya layi da ƙwarya, a ɗauke shi hoto? Gobe da wane ido za shi dubi surukanai? Ba shi yi, ko za mu mutu." Sai ta ƙara, "Amma in tsaraba ta, ba shi maida ta."

Na fita na samu fasto, na ce layi ya ƙare, hoto ma ya ƙare, kowane gida za mu bi mu kai gaisuwa. Na sa shi da direba suka ɗauko buhu biyu zuwa cikin gida. Na durƙusa gaban Baba na ce, "Baba, ga tsarabarmu. Mantuwa muka yi, a yafe mana."

Ko kallon buhunan bai yi ba. Ya ce, "Madalla, Allah shi yi albarka." Ya tambaye ni gajiya, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, bai gaggauta ba.

Na tashi, na kai bakin ƙofa, sai na ji ya sassauta murya yana ce wa Inna, "Maza ki ɗiba ki dama kunu. Ƙaramar jikarmu tun jiya ba ta tashi ba."

Kwana huɗu ina gidan da jakar magani, taku goma tsakanina da yarinyar, ban ma san da ita ba.