Ƙirjin Dama na Merv Tregear

Kafin in fitar da burodin farko daga tanda nake jin tafiyarsa a titi: taku ɗaya mai nauyi, ɗaya mai ƙara. Merv Tregear ke nan, da ƙafarsa ta roba da tsintsiya a kafaɗa, zai share gindin dutsen da aka rubuta sunayen sojojin garinmu Warrabindi da suka mutu a yaƙi. Babu wanda ya sa shi. In ya gama ya leƙo shagona ya ce, "Glenys, yau ma kin ƙona shi?" Ni kuma in ce, "Tsohon banza, shekara talatin kana kushewa kana cinyewa."

Yana da shekara ashirin aka kai shi yaƙin Vietnam, sojan ƙasa. Wata safiya suna sintiri a gonar roba ya taka nakiya. Abokinsa Col Pascoe, shi ma ɗan garin nan, ya goya shi har inda jirgi mai saukar ungulu zai iya sauka, ya ajiye shi, ya koma ɗauko wani. Col bai dawo ba.

Kowa a nan ya san ƙa'idar faretin ranar Anzac, ranar tunawa da sojojinmu: lambobin yabon da ka samu da kanka a ƙirjin hagu, na ɗan uwanka da ya rasu a dama. To Col a gidan marayu ya tashi, ba shi da kowa. Merv ya yi ta rubuta wasiƙu har aka ba shi lambobin, ya maƙala su a dama, ya kulle nasa a gwangwanin biskit. Wani baƙo ya taɓa tare shi ya ce, "Malam, ai dama ta dangi ce." Merv ya ce, "Wanda ya goya ka, me yake a wurinka?"

Kai ne, Merv, ka yi ta zama a bakin kogi da samarinmu da suka dawo daga Afghanistan ba sa iya barci. Ba ka yi musu wa'azi ba, ƙugiyar kamun kifi kawai ka miƙa musu. Uwar ɗayansu ta faɗa mini da hawaye cewa kai ka dawo mata da ɗanta.

Bana likita ya ce fareti ya ƙare wa Merv, ƙugun ya gaji. Wallahi ban taɓa ganinsa a karye haka ba. Ba tafiyar ce ta dame shi ba. "In na zauna, Col ya zauna ke nan," ya ce mini. "Wa ya san shi ban da ni?"

Ranar faretin, 'yarsa Rhonda ta turo shi a keken guragu zuwa bakin titi. Ta sunkuya ta kwance lambobin Col daga rigarsa ta maƙala a damanta.

"Ke, me kike yi?"

"Baba, in ɗan uwanka ne, ai baffana ne. Ka bar surutu, ka ɗaga haɓa."

Sai ta fito da gwangwanin biskit daga jakarta, ta maƙala masa nasa lambobin a hagu. Shekara hamsin da ɗoriya hagun rigar nan babu komai, sai ranar. Ya yi ta gunaguni wai allura ta soke shi, alhali duk muna ganin idanunsa.

Mun gode, Merv. Ina ƙaunarka, duk da bakin nan naka. Ku kuma mutanen gari, tsintsiyar tana jingine a bayan shagona, hannun Merv ya yi aikinsa, saura namu. In kun je sharar, ku duba suna na huɗu daga ƙasa, na Col ne, ku faɗe shi da ƙarfi. Merv yana zaune a bencina da burodinsa, yana ji.