Shekarar da Mashaƙo Ya Shiga Gidan su Aziza

Aziza 'yar Hamisu mai shago ce a Bande, ita ce ta fara zuwa jami'a a gidansu. Lissafi take karantawa a Damagaram. A shekararta ta biyu aka ce kowa ya zaɓi darasi ɗaya a wajen fanninsa, sai ta ɗauki na ƙwayoyin cuta da annoba, don kawai ƙawarta na ciki. Malamin yakan haska musu hotuna a bango, ita kuwa ta kau da kai.

Da ta zo hutu, ta tarar Hamida, ɗiyar yayanta Shafi'u, na kwance da zazzaɓi, wuyanta ya kumbura, ko kunu ba ta iya haɗiyewa. Fadi, uwar yarinyar, ta ce belu ne, an riga an aika wa wanzami.

Aziza ta haska bakin da fitilar waya. Wani abu fari-fari mai duhu ya lulluɓe maƙogwaron. Ta taɓa ganin irinsa a bangon aji.

"Yaya, wannan mashaƙo ne. Kada a sa mata ƙarfe. A kai ta asibitin Magarya yau, a kuma raba ta da sauran yara."

"Yaushe kika zama likita?" in ji Shafi'u. "Ke ma an cire miki belu, ga ki nan da ranki."

Ta roƙa, ta yi kuka, har Baba ya ce ta bar wa masu ɗiya ɗiyarsu. Wanzami ya yi aikinsa. Sai da numfashin Hamida ya koma kamar busa, sannan Shafi'u ya ɗauko babur, Aziza ta rungume yarinyar a baya.

A Magarya aka yi mata allurai, wuyan ya sace, aka sallame su. Gida ya cika da 'yan barka. Aziza kaɗai ba ta saki jiki ba, domin ta tuna malaminsu ya ce dafin cutar kan koma zuciya bayan an ga kamar an warke. Kullum tana hana Hamida guje-guje, tana taɓa ƙirjinta, har aka fara cewa boko ya taɓa mata kai.

Wata hantsi Hamida ta zauna a gindin turmi, ta ce ta gaji. Kafin azahar ta cika.

A wurin zaman makoki wasu suka ce allurar asibiti ce. Aziza na jinsu.

Ranar da za ta koma Damagaram, Fadi ta raka ta har bakin tasha, ta riƙe mata hannu.

"Ki faɗa mini gaskiya. Da tun ranar farko muka kai ta, da ta tashi?"

Aziza ta san abin da aka koya mata. Ta dubi idanun Fadi da suka kumbura.

"Allah ne masani, Yaya Fadi," in ji ta. "Amma ki kai ƙanenta rigakafi ran Laraba."

Fadi ta gyaɗa kai. Mota ta cika, aka tashi.