Katin da Yatsa Ke Karantawa

Rabin mazan layin nan a kujerar Mai Aski suka fara furfura. Shagonsa ɗan mitsitsi ne, tsakanin mai wanki da mai gyaran waya: kujera ɗaya mai juyawa, madubi mai tsaga a gefe, sai benci inda ake jiran layi ana gulma. Mutum ne mai baki. Kafin ya gama maka saisaye ya raba gardamar ƙwallo, ya aurar da ƙaninka, ya gyara duniya kaf.

Abin da bai taɓa faɗa wa kowa ba shi ne idonsa ya fara tafiya. Fuskokin da ke madubi sun koma masa dishi-dishi. Hannu ne ke yin aikin, hannun kuwa ya haddace kan kowa, har ƙululun da ke ƙeyar mai wanki. Ya ja bakinsa ya yi shiru, don ya san ranar da maganar ta fita, babu mai sake miƙa masa wuya yana riƙe da reza. Tun rasuwar matarsa kuwa, shagon nan ne kawai ke tashinsa da safe.

Da katin bashi na banki yake sayen kayan aiki, ya biya a ƙarshen wata. Lambobin katin masu tudu ne. In ya kira dillalin kaya a waya, sai ya bi su da babban yatsa yana karantowa, kamar mai kallo da ido. Kwatsam wa'adin katin ya ƙare, aka ce ya zo ya zaɓi sabo. Babban ɗansa, wanda ke koyarwa a sakandare, ya ce sai ya raka shi. Uban nasa yana kiransa Malam, don tsokana.

Ma'aikaciyar bankin ta jera musu samfuri a kan tebur. Ta nuna wani mai ruwan zinare, ta ce da shi ake tara maki na tikitin jirgi.

"'Yata, ni da ko tasha ban cika zuwa ba," in ji Mai Aski, "jirgin a shagona zai sauka?"

Ta yi dariya, ta turo wani. Wannan kuɗin ruwansa kaɗan ne, kuma an yi shi don masu ƙananan shaguna.

"Baba, wannan ai kai aka yi wa," in ji Malam.

Mai Aski ya ɗauka ya shafa. Sumul, kamar sabulu. Ya shafa na gaba, shi ma haka. Ya ce wannan ya cika sheƙi, wancan bai da kauri, wancan kuma launinsa na yara ne.

"Haba Baba! Kati za ka zaɓa ko amarya?"

"Babu irin na da, mai lambobi masu tudu?" Mai Aski ya tambaya, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"An daina yin su, Baba," in ji ma'aikaciyar. Ta ɗan yi tunani, ta jawo aljihun tebur. "Sai dai wannan. Lambobinsa manya ne masu tudu, ga tsaga a gefe don a gane shi a aljihu. Masu matsalar ido muke ba."

"Idona ras yake," in ji Mai Aski da sauri. Amma yatsan ya riga ya hau kan katin, ya ƙi sauka. Kunya ta rufe shi. Bai iya ganin fuskar ɗansa sosai ba, sai dai ya ji a jikinsa cewa yaron ya gano.

"Shi za mu ɗauka," in ji Malam. "Ya fi su kauri."

Da suka isa shago, Mai Aski ya jira faɗa, ya ma shirya amsa. Amma sai Malam ya zauna a kujerar, ya ja mayafin aski ya rufa, ya ɗaga haɓa.

"Gyara mini gemu, Baba. Da reza."

Mai Aski ya shafa masa kumfa. Ya sa sabuwar reza, ya dafa wuyan da yatsu biyu kamar yadda yake yi wa kowa. A ƙarƙashin yatsun ya ji jijiyar ɗansa tana bugawa, amma bai ga inda gemu ya ƙare fata ta fara ba. Jiya ma haka ya aske mutane, bai ji komai ba. Yau hannun ya ƙi motsi.

Daga nan ya ajiye rezar, ya ɗauki tawul, ya goge kumfar a hankali.

"Malam," ya ce, "likitan ido na asibiti, wace rana yake ganin mutane?"